Sunaye Uku da Farar Ƙasa Ta Kasa Rufewa

Ku da kuke zama gaban kwamfuta a shagon jikana nan Sabon Layi, ku danna abu inji ya tofo muku ƙyallen talla mai tsawon ɗaki kafin shayi ya huce, na san abin da kuke faɗa idan na ba da baya. Kuna cewa aikinmu na da ai ba wani abu ba ne, burushi ne da gwangwanin fenti, kowa ma ya iya. Ban yi fushi ba. Amma ku ba ni aron kunnenku in gaya muku yadda rubutun allo yake a zamanin da hannu ne inji, da kuma yadda haruffa ashirin da ɗaya suka kore ni daga garin Mubi.

Sunana Zira. Na sauko daga duwatsun Michika a shekarar ƙuri'ar raba gardama ta farko, da aji huɗu na makarantar mishan a kaina, ban iya komai ba sai kyakkyawan rubutu. Kawuna ya kai ni wurin Malam Hammajoda, wani dogon Bafulatani marar yawan magana da ya koyo fenti a Yola, yana da rumfa a bakin tasha. Wata takwas ban ɗora burushi a kan allo ba. Wanke gwangwani nake yi, da niƙa launi, da haɗa burushi. Ƙaramin burushin rubutu ba saye muke yi ba. Gashin wutsiyar kurege ake tsefewa, a daidaita bakinsa da yawu, a ɗaure da zare, a cusa cikin bututun gashin agwagwa. Idan gashi ɗaya ya fi sauran tsawo, shi zai ɓata maka harafi.

Baƙin fenti kuwa Malam bai yarda da na kanti ba sai dole. Kifa faranti yake yi a kan fitilar kananzir har hayaƙi ya taru, ya kankare, ya zuba man fenti da ɗan banis mai sa ƙyalli, ya ba ni in niƙa a kan gilashi da gindin kwalba. Sai ya shafa a bayan hannunsa bai ji tsakuwa ko ɗaya ba sannan zai ce ya yi. Wannan baƙin yakan yi kwana biyu bai bushe ba, amma in ya bushe sai ya yi ƙyalli kamar bayan buzuzu.

Aikin farko da na ga rumfarmu ta cika da shi na ƙuri'a ne. Ana tambayar mutanen yankinmu inda suke son zama, kuma da aka dawo karo na biyu tambayar ta fito fili: Nijeriya ko Kamaru. Galibin mutane ba su karatu, saboda haka kibiya muke zanawa da hoton hannu mai nuni. Na zana kibiya mai kyau a kan wani allo da za a kai Sorau, Malam ya duba ya tambaye ni a wane gefen hanya za a kafa shi. Na ce ban tambaya ba. Ya ce in haka ne ban san inda nake tura mutane ba, ya sa na goge. A kwanakin nan masu son Nijeriya sukan kawo aikinsu da safe, masu son Kamaru su kawo nasu da yamma. Kowane allo aka gama sai Malam ya juya fuskarsa ga bango. Kowa ya tambaye shi ra'ayinsa sai ya ce shi mai rubutu ne, hannu gare shi, ba shi da baki. Ya sha gaya mini wannan magana, ni kuma na sha cewa na ji.

Masu manyan motoci su ne abincinmu na kullum. Mutum zai kawo gingimari sabuwa fil daga wurin kafinta, ya ce a rubuta masa Haƙuri Maganin Zaman Duniya a goshi, a zana zaki a ƙofar baya, kuma gobe da sassafe zai yi lodin gyaɗa. Kana kan tsani, hannun hagu riƙe da sandar da kake jingina na dama, yana ƙasa yana gaya maka zakinka ya yi kama da kare. Ba a goge kuskure a jikin mota, sai dai ka mayar da shi ado. Akwai teloli, da masu aski, da masu kemis, da matan da suke sayar da abinci. Da idon Malam ya fara rauni bayan yaƙin basasa sai ya bar mini rumfar, shi kuma ya koma kan tabarma a gefe yana jan carbi, yana jin ƙarar burushi yana gane ko fenti ya yi kauri.

A ranin shekarar saba'in da uku wani malamin kimiyya ya zo rumfar da takarda a naɗe. Sunansa Malam Istifanus, ɗan ƙasarmu ne, bai daɗe da dawowa daga karatu a Zariya ba, yana koyarwa a wata makaranta da ke bakin gari a kan hanyar Bahuli. Ya shimfiɗa takardar a kan bencina ya danne kusurwoyinta da gwangwanaye. Wata babbar da'ira ce mai toka-toka, cike da ƙananan rubutu. Na ɗauka taswirar wata ƙasa ce. Ya ce wata ne. Yana son in zana shi a bangon ɗakin kimiyya ta waje, faɗinsa taku tara, da sunayen wurare.

Na ce wuraren me. Ya sa yatsa yana karantawa yana fassara mini: nan Tekun Natsuwa, inda mutane suka fara sauka, nan Tekun Ruwan Sama, nan Tekun Rikici. Ya ce babu ɗigon ruwa a cikinsu, mutanen da ne suka hango duhu suka zaci teku ne. Kowane rami da sunansa, kowane dutse da sunansa. Ni dai bakina a buɗe. Watan nan da nake gani tun ina goye, wanda ake duban tsayuwarsa a yi azumi, ashe an bi shi an raba unguwa-unguwa an raɗa wa kowace suna, tun shekaru ɗaruruwa, mu muna nan ba mu da labari. A lokacin ma rabin mutanen tasha ba su yarda an taka shi ba.

Malam Hammajoda ya sa aka kai masa takardar dab da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, "Su wa aka tambaya kafin a raba?"

Malam Istifanus ya yi dariya ya ce ba kowa a can.

Malam ya ce, "To. Mu dai an tambaye mu har sau biyu."

Na ce wa malamin ba na zana abin da ban gani ba, don haka ya ce in zo makaranta ranar da wata ya kwana biyar. Na je bayan la'asar sakaliya, rana ba ta gama faɗuwa ba, watan yana sama kamar yankan kabewa. Ya fito da madubin hangen nesa, wani bututu mai ƙafa uku, ya saita ya ce in rufe ido ɗaya. Da na leƙa sai na ja da baya har na taka masa ƙafa. Abin da na sani sumul kamar faranti, ga shi duk ramuka, kamar ƙasar da aka haƙi gara, kowane rami da inuwarsa a kwance gefe guda. Inuwar nan ce ta fi girgiza ni, domin mai fenti ya san ba abin da yake yin inuwa sai abin da yake da jiki. Na sake leƙawa. Can wajen ƙaho ɗaya akwai ramuka biyu gefe da gefe kamar bakin tukwane a murhu, sannan kusa da baki akwai na uku mai baƙin ciki, shafaffe. Na tambayi sunayensu. Ya ce Atalas, Harkulis, da Indimiyon.

Ya ce yawancin ramukan sunayen masana aka sa musu, amma waɗannan uku daga tatsuniyoyin Helenawa suka fito. Na san Helenawa daga Littafi Mai Tsarki, na ce su waɗanda manzo ya yi wa wa'azi. Ya ce su. Atalas wani ƙato ne da ya yi yaƙi da allolinsu aka ci shi, aka yanke masa hukuncin ɗaukar sama a kafaɗa har abada. Harkulis kuma jarumi ne, uwarsa mutum, ubansa ɗaya daga allolin. Wata rana ya karɓar wa Atalas kayan don ya je ya ɗebo masa wasu 'ya'yan itace. Da Atalas ya ji daɗin kafaɗa ba kaya sai ya ƙi karɓa. Harkulis ya ce ba komai, ya yarda, amma ya ɗan riƙe masa ya gyara gammo. Atalas ya karɓa, shi kuwa ya kwashi 'ya'yan itacensa ya yi gaba. Na uku makiyayi ne kyakkyawa. A wurinsu shi kansa watan sama mace ce, ta gan shi ta so shi, aka sa masa barcin da ba ya tashi ba ya tsufa, tana zuwa tana dubansa a cikin kogo.

Na yi dariyar gammo har da hawaye, don matanmu na dutse a kafaɗa suke ɗaukar kaya, na san yadda abin yake. Da dariyar ta wuce sai na tambaye shi ko tatsuniya ce kawai ta yara. Ya ce a'a, a zamaninsu har yanka suke yi wa Harkulis, suna gina wa allolin ɗakuna.

Nan na tuna da gida. Mahaifina, Baba Kwada, shi ne mai riƙe da tukunyar gidanmu a kan dutse, wadda ake zuba wa giya a kira sunayen kakanni kafin shuka. Ina ɗan shekara bakwai ya karɓi baftisma, ya fasa ta da hannunsa a gaban jama'a, daga ranar bai ƙara ba mu labarin mutanen da ba, ya ce na duhu ne. Ga shi waɗanda suka kawo mana makaranta sun ɗauki nasu mutanen duhun sun liƙa a jikin wata, kuma ni za a ba burushi in rubuta wa 'ya'yanmu.

Na karɓi aikin duk da haka. Bangon siminti ne, sai da na wanke shi na bar shi ya sha iska kwana biyu. Na kafa ƙusa a tsakiya, na ɗaura igiya da alli na ja da'ira. Na raba takardar gida-gida da fensir, na raba bangon gida-gida da igiyar da aka shafa wa alli, ana ja a saki ta bar layi. Daga nan sai ka bi gida ɗaya bayan ɗaya, ba ka duban dukan watan, abin da ke cikin gidanka kawai. Tekunan na haɗa fari da baƙi da ɗigon shuɗi. Ramuka kuwa dabararsu ɗaya ce: fari a leɓe ɗaya, duhu a ɗayan, kuma kada ka manta ta ina haskenka yake zuwa, in ka juya shi a rami guda sai ya zama tudu. Kwana goma sha ɗaya na yi a kan tsani. Sunayen na rubuta su da baƙin kanti, na tsinka shi da kananzir don ya bi ƙaramin burushi. Ina isowa kusurwar sama ta dama gwangwanin ya ƙare, saura sunaye uku. A maimakon in sauka gari neman wani, sai na ɗauko 'yar kwalbar baƙin Malam da ba na rabuwa da ita. Na rubuta ATLAS, na rubuta HERCULES, na rubuta ENDYMION, ina duban takarda harafi-harafi don ban taɓa ganin kalma mai Y a matse tsakanin D da M haka ba.

Aikin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Matan da suke zuwa kasuwa daga Bahuli sukan sauke kaya su tsaya kallo. Da na tsaya nan da ba abin da zai faru. Amma labarin gammo ya yi mini daɗi a baki. Na ba da shi a teburin mai shayi a tasha, aka yi dariya, aka ce in ƙara. Na ƙara da na makiyayi. Wani ya tambaya su waye mutanen, ni kuma don a san na sani, na ce allolin Turawan da ne, har yanka ake yi musu. Malam Hammajoda yana jin labarin ya dawo masa ta bakin wani direba, ya kira ni ya ce, "Zira, yaushe ka yi baki?" Kafin mako ya zagayo maganar ta canja kama. A kasuwa cewa ake yi na rubuta sunayen aljanu uku a bangon makaranta, malamin kuma yana sa yara suna haddacewa.

Damina ta zo da gardama a shekarar. An yi ruwa biyu aka yi shuka, sai sama ta ɗauke. Dawa ta tsiro ta kai tsawon yatsa ta ƙone. Aka sake shuka, ta sake ƙonewa. Mayo, kogin garin, da yake cika har a kasa haye shi ya koma yashi da 'yan kududdufai. Masallatai suka fita roƙon ruwa, coci-coci suka yi azumi. A cikin wannan hali Malam Istifanus ya gaya wa ɗalibansa cewa ranar Asabar ta ƙarshen watan Yuni, bayan tsakar rana, wata zai shiga gaban rana, kada kowa ya ji tsoro, kada kuma a duba da ido tsirara. Ya aiko mini da gutsattsarin gilashin taga in turara musu hayaƙin fitila. Na turara, na kai masa da kaina ranar.

Ni kaina ban gaskata ba sai da abin ya fara. Hasken ya koma wani iri, ba duhun dare ba, kamar an tsinka rana da ruwan toka. Zafi ya sauka. Kaji suka nufi akurki. A ƙarƙashin darbejiyar makaranta, 'yan ɗigon hasken da suke ratsowa ta ganye duk suka zama jinjirin wata, ɗaruruwa, a ƙasa da jikin rigunanmu. Na ɗaga gilashi na ga rana saura ɗan baki kamar lauje. Mutumin nan ya faɗi rana da sa'a tun mako biyu, kuma ga shi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ya tunzura gari. Muka fara jin ƙarar gwangwani da turame daga cikin unguwanni, sannan muka ga mutane a kan hanya sun nufo mu. Wata tsohuwa tana gaba tana cewa rana ta mutu, malam ya kashe rana. Hujjarsu ba ta da wuyar ganewa: wanda ya san lokacin abu shi ya kira shi, ga kuma watan da ya sa aka zana da sunayen da ke kai. Na ji daga baya cewa liman ya tara mutane sallar husufi ya gaya musu aya ce ta Allah, ba ta kowa ba, fasto ma ya faɗi kusan haka. Amma waɗanda shukarsu ta ƙone sau biyu ba duka ne suka je masallaci ko coci ba. Duwatsu suka fara sauka a bangon. Wani ya ture madubin hangen nesa, gilashinsa ya tarwatse. Hedimasta ya ja Malam Istifanus ya kulle shi a sito. Dutse ɗaya ya same ni a gira, jini ya rufe mini ido.

Wanda ya cece mu Dattijo Ayuba ne, dattijon ikilisiya kuma shugaban kwamitin makaranta, mutum mai kwarjini. Ya tsaya a gaban bangon ya ɗaga hannu biyu ya ce duk mai jifa ya fara da shi. Ya yi musu alkawari kafin rana ta faɗi ba za a ga komai a bangon ba. Ana cikin haka haske ya fara dawowa, mutane suka ɗan lafa. Ya juyo gare ni ya ce in kawo farar ƙasa. Na ce masa, "Baba, farar ƙasa ba ta kama fentin mai. Sai an kankare, ko a bi da wani fentin mai." Ya ce ba shi da kwana uku, sa'a uku gare shi. Na ɗaure goshi da tsumma, na hau tsanin da na yi kwana goma sha ɗaya a kai, na shafe watan da burushin kaba. Sau uku na bi shi. Washegari aka sa Malam Istifanus a motar Yola, ban ƙara ganinsa ba.

Ruwa ya dawo a watan Yuli, mutane suka ce ka gani. Sai a watan Agusta aka yi wani ruwa mai iska daga gabas wanda ya doki bangon kai tsaye. Da safe ɗalibai suka tarar bango fari fat, ba wata, ba teku, ba rami, sai kalmomi uku baƙi ƙirin a sama ta dama, suna ƙyalli kamar jiya aka rubuta. Cikin sunaye fiye da talatin, su ukun nan kaɗai.

Ni na san dalili tun kafin in isa wurin. Baƙin kanti da aka tsinka da kananzir ba shi da santsi, farar ƙasa ta sami abin kamawa. Baƙin Malam mai banis ne, ruwa na zuwa ta zame daga kansa kamar daga jikin kwalba. Na yi wannan bayani a tasha, na yi a coci, na yi wa kwamiti. Malam Hammajoda ma ya sa aka riƙe masa hannu har gaban masu motoci ya ce baƙinsa ne, hayaƙin fitila ne da mai. Suka saurare shi don girmansa, amma ba wanda ya ƙara kawo mota. Wani tela ya cire allon da na rubuta masa ya jefa a bola. Mai shayi ya daina miƙo mini kofi, sai ya ajiye a ƙasa.

Kwamiti ya ce in zo in kankare. Ana gobe zan yi, mahaifina ya iso daga Bahuli, inda ya sauko yake noma tun shekarun baya. Ya ce in kai shi ya gani. Ba ya karatu. Ya tsaya da sandarsa ya ce in nuna masa kowanne in faɗi labarinsa, na faɗa masa da yarenmu. Bai yi dariyar gammo ba. Ya tambaya ko mutanen da suka ce ya fasa tukunyarsa su ne masu waɗannan. Na ce kakanninsu ne na nesa.

Ya ce, "Su ba su fasa nasu ba?"

Na ce, "Sun daina yi musu yanka tun tuni, Baba. Sunan kawai suka bari."

Ya ce, "Sunan kawai." Ya ƙara duban bangon, ya juya ya kama hanya, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Kankarewar ma ba ta yiwu ba. Man ya shiga cikin siminti, sai da maƙeri ya fiƙe mini guntun sifirin, ƙarfen ƙarƙashin mota, na sassaƙe filastar har bulo, magini ya zo ya cike. Bayan haka na rufe rumfa, na kwashe iyalina muka koma Bahuli. Na riƙe fartanya da hannun da ya saba da gashin kurege. Abin da aka girbe a shekarar bai kai rabin rumbu ba. Mun ci ganye, mun ci dusa. Malam Hammajoda ya rasu a cikin sanyin shekarar, na zo jana'iza na tsaya daga baya.

Sai da rani ya sake zagayowa sannan wata babbar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Alhaji Bakari ne, mai jigilar shanu da hatsi ta hanyar Sorau, wanda ban taɓa yi wa aiki ba. Ya tambaya ko ni ne ake cewa na yi rubutun da aka shafe sau uku ya ƙi mutuwa. Na ce ni ne, ina jiran abin da zai biyo baya. Ya ce rubutun motarsa damina ɗaya yake yi ya koɗe, shi irin wancan baƙin yake so, aljani ne ya niƙa ko mutum. Ya ce in shirya jibi zai aiko a ɗauke ni. Motarsa ce ta buɗe mini hanya, don da aka ga ta yi shekara ba ta yi haɗari ba sauran suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Ana gobe zan tafi, da hantsi, ina niƙa baƙi a kan gilashi a tsakar gida, Baba ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce in bar masa kaɗan. Ya kai ni gaban rumbunsa, wanda aka yi wa sabon yaɓe, ya ce in rubuta a nan. Na ce me.

Ya ce, "Tukunya na fasa, kuma ko yau aka ce in fasa zan fasa. Amma ba wanda ya ce in fasa sunaye. Ni na haɗa da su."

Ya ce su tara ne waɗanda suka riƙe tukunyar kafin shi, uba ya ba ɗa, kuma da can yana jero su cikin numfashi ɗaya kafin ya zuba giya. Na ja layi tara da alli. Ya gyara tsayuwa ya fara, daga mahaifinsa zuwa sama. Vandi mai jan sa. Na rubuta. Tumba da ya haƙa rijiyar dutse. Na rubuta. Yana faɗa ina bi, ina neman haruffan da za su ɗauki sautin yarenmu, don ba a taɓa rubuta ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya faɗi na biyar, ya faɗi na shida, sai ya tsaya.

Na riƙe burushi a kan layi na bakwai ina jira. Ya koma farko ya sake jerowa da sauri, ko gudun zai haye da shi. Ya zo wurin ya tsaya. Ya sake, har sau huɗu. Na juyo na dube shi. Bakinsa a buɗe, idonsa a kan bangon, ya dafa sanda da hannu biyu. Shekara ashirin da biyar bai furta su ba, kuma duk wanda zai tuna masa ya riga shi tafiya.

Na tambaya ko in goge layukan da suka rage. Ya ce in bar su, wataƙila gobe.

Ya ƙara shekara huɗu a duniya. Matata ta ce kowace safiya, kafin ya tafi gona, yakan tsaya gaban rumbun bakinsa yana motsi. Ranar da muka binne shi na zagaya na duba. Sunaye shida suna nan baƙi ƙirin, a ƙarƙashinsu kuma wurin mutum uku, ba komai.